Kafin a Dasa Murjani a Bahar Maliya, a Fara Ɗauke Mata Hannu

Duk wanda ya buɗe famfo a Jidda ko Makka ko Ɗa'if, ruwan Bahar Maliya yake amfani da shi, ko ya sani ko bai sani ba. In ban da Zamzam da 'yan rijiyoyin da suka rage, mafi yawan ruwan da ke shiga gidajen waɗannan birane daga matatun cire gishiri yake fitowa, musamman na Shu'aiba da ke kudu da Jidda, kuma babu ƙasar da ta kai Saudiyya samar da irin wannan ruwa a duniya. Mu Hausawan Hijaz, waɗanda kakannin da yawa daga cikinmu suka ratso Chadi da Sudan a ƙafa, suka yi shekaru a hanya kafin su hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, mun taso muna ɗaukar tekun nan a matsayin mashigi na ƙarshe kafin a isa Ɗakin Allah. Ba mu saba kallonsa a matsayin abu mai rai da zai iya ciwo ya kuma iya warkewa ba. Amma daga cikinsa muke sha, muna kuma cin kifinsa, kuma ruwan wanke-wankenmu can yake komawa. Saboda haka maganar lafiyarsa ba ta masana kaɗai ba ce.

Akwai wani masanin halittun teku da ya shafe shekaru yana cewa ɓarnar da ɗan Adam ya yi wa tekunan duniya ba ta kai inda ba za a iya gyara ta ba. Sunansa Carlos Duarte, ɗan ƙasar Sifaniya ne da aka haifa a Lisbon a 1960, kuma tun 2015 yake aiki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda aka fi sani da KAUST, a garin Thuwal da ke arewa da Jidda. Na yarda da shi a kan asalin maganarsa. Inda nake da ja shi ne yadda ake karɓar wannan magana a bainar jama'a, inda ake ɗaukar ɓangarenta mai daɗin ji da kyan hoto, wato dashen itatuwa da rainon murjani, 'yar halittar nan da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, a bar ɓangaren da ya fi wuya, wanda kuma shi ne ginshiƙin duk nasarorin da shi kansa yake kafa hujja da su: daina yin abin da ke kashe tekun tun farko.

Ya kamata a san ko wane ne mutumin kafin a auna maganarsa. Duarte ya yi suna ne ta hanyar nazarin ciyawar ƙarƙashin teku, shukar da ke tsirowa a ruwa mara zurfi, wadda mafi yawan mutane ba su ma san da ita ba. A 2005 shi da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa ciyawar teku, da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓa, waɗanda a nan ake kira shura ko ƙurm, da fadamun gishiri, duk da cewa filin da suka mamaye bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, su ne ke binne kusan rabin sinadarin kabon da ake binnewa a cikin taɓon tekunan duniya, wato sinadarin da ke ɗumama yanayi idan ya taru a iska. Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Ganye da saiwa da suka mutu suna nutsewa cikin taɓon da babu iska a cikinsa, don haka ba sa ruɓewa da sauri, sai su taru shekara bayan shekara har ƙarnuka. Wannan bincike ne ya zama tushen wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009, wanda ya sa gwamnatoci suka fara lissafa waɗannan shuke-shuke cikin hanyoyin rage ɗumamar yanayi. Daga 2010 zuwa 2011 ya jagoranci balaguron binciken Malaspina, wanda jirgin ruwan Sifaniya ya kewaya duniya yana auna halin da tekuna suke ciki, har da yawan robar da ke yawo a kansu. A 2025 aka ba shi lambar yabon kimiyya ta Japan. Ba mai wa'azin fata ba ne kurum. Mutum ne da ya san girman ɓarnar domin ya auna ta da hannunsa.

A 2020 ne shi da wasu masana suka wallafa wata maƙala a mujallar Nature, inda suka ce za a iya farfaɗo da kaso mai yawa na halittun teku nan da 2050 idan aka cika wasu sharuɗɗa. Sun tattaro hujjoji daga wuraren da aka riga aka ga farfaɗowa. Wani nau'in kifin wel, ƙatuwar dabbar teku, da ke kai-komo tsakanin Antaktika da gabashin Ostireliya ya ragu har ya koma 'yan ɗaruruwa a ƙarshen shekarun 1960, amma bayan an daina farautarsa yawansa ya haura 40,000. Dalma da ke gurɓata ruwan teku ta ragu bayan ƙasashe sun daina sanya ta cikin man fetur. Kifaye sun dawo a wuraren da aka ƙayyade kamu aka kuma tsaya a kan ƙa'idar. Sun ƙiyasta cewa aikin zai ci dala biliyan 10 zuwa 20 a shekara, kuma kowace dala da aka kashe za ta dawo da kusan goma.

Wanda ya duba waɗannan misalai da kyau zai ga abu guda da ya haɗa su. Babu wanda ya yi kiwon kifin wel a keji ya sake shi cikin teku. An daina harbinsa ne kawai, sai ya hayayyafa da kansa. Babu wanda ya tace dalma daga cikin ruwa. An rufe hanyar da take shigowa ne. Cikin matakai shida da maƙalar ta lissafa, ɗaya ne kawai ya shafi sake dasa abin da ya lalace. Sauran biyar ɗin, wato kare nau'o'in halittu, da kamun kifi bisa hankali, da keɓe wurare, da rage ƙazanta, da rage ɗumamar yanayi, dukkansu cewa suke yi a janye hannu ko a sassauta shi. Wannan ne abin da nake so mu riƙe idan muna sauraron sanarwar manyan ayyuka.

Hujja mafi kusa da mu tana babbar kasuwar kifi ta Jidda, wadda mutanen gari ke kira Bangala. Wanda ya je da sassafe bayan sallar Asuba zai tarar da teburan cike da ƙanƙara, ana ta kwasar sha'ur da hamur da harid, masu gyaran kifi suna kankare ɓawo da wuƙa cikin sauri ba tare da sun ɗaga kai ba, dillalai kuma suna ɗaga murya a wurin gwanjo. Sarkin kasuwar shi ne najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da ke zama cikin duwatsun murjani, wanda ba a rasa shi a walimar masu hali. Sai dai idan mutum ya tsaya ya yi hira da dattawan da suka daɗe a sana'ar, abin da za su ce masa ɗaya ne: manyan da suka sani a da sun yi wuya, farashi ya hau, kuma sai jirgi ya yi nisa sosai kafin ya samo abin kirki. Mai saye na yau da kullum, irin matan unguwanninmu da ke neman abin da za a dafa shinkafar sayadiyya da shi ranar Juma'a, ya koma ga ƙananan kifaye ko wanda aka shigo da shi daga waje a daskare.

Ana iya cewa wannan ƙorafin tsofaffi ne, waɗanda kullum jiya ta fi musu yau. To, amma masu bincike daga KAUST ɗin nan sun gwada lamarin a kimiyyance. Sun ƙirga kifaye a duwatsun murjanin da ke gefen Saudiyya, suka haye suka ƙirga a makamantansu da ke gefen Sudan, a teku ɗaya, da yanayin zafi da gishiri kusan iri ɗaya. A sakamakon da suka fitar a 2017, nauyin manyan kifaye masu farauta a ɓangaren Sudan ya kusa ninka na ɓangaren Saudiyya sau uku. Sudan ba ta da kuɗin da Saudiyya take da shi, ba ta da jami'a irin KAUST, ba ta taɓa dasa murjani a babban mataki ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙarancin jiragen kamun kifi da ƙarancin gine-gine a gaɓa. Wani binciken da aka yi a kasuwar Jidda ya gano cewa ana ci gaba da kawo kifin ƙirsh, wato shark, mafi yawansu ƙanana da ba su kai shekarun haihuwa ba, duk da cewa an hana kama su tun 2008. Dokar tana nan a rubuce. Haka kuma ana rufe kamun najil na wani lokaci a shekara domin ya samu damar hayayyafa, kuma mataki ne mai kyau ƙwarai. Amma doka a teku ba ta wuce yawan masu sintirin da ke tabbatar da ita ba, da kuma yardar masuntan da aka ɗora wa ita.

Mu da muka fito daga ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A Argungu, wurin da ake bikin kamun kifi a Matan Fada a rufe yake a sauran kwanakin shekara, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsare da shi. Manyan kifayen da ake tinƙaho da su ranar biki albarkacin wannan rufewar ce. A tsibiran Farasan da ke kudancin Saudiyya ma akwai bikin harid, wanda ake jiran lokacin da kifin zai taru a wani lungu mara zurfi sau ɗaya a shekara. A Musulunci kuwa akwai tsarin hima, inda shugaba ke keɓe wani yanki domin amfanin jama'a, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina. Alƙur'ani mai girma a Suratur Rum, aya ta 41, ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ayar ta ƙare da fatan ko za su komo. Komowa daga abin da ake yi ita ce aka ambata.

Kamun kifi ɗaya ne daga cikin hannayen. Na biyu shi ne ƙazanta, kuma a nan mazauna Jidda ba sa bukatar masani ya ba su labari. Shekaru da dama unguwanni masu yawa ba su da magudanar bayan gida ta zamani, sai bayyara, wato ramin tara ruwan ƙazanta, a ƙofar kowane gida, tankoki suna zuwa suna zuƙewa suna kai wa wani tafki da ke gabashin birni, wanda jama'a cikin ba'a suka raɗa wa suna tafkin miski. Ambaliyar ranar 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta kashe mutum fiye da 100, ita ta tilasta aka waiwayi lamarin, domin an shiga fargabar kada madatsar tafkin ta fashe a kan gari, aka kuma ƙafar da shi a shekarar da ta biyo baya. An yi aiki mai yawa tun daga lokacin, kuma ya kamata a yaba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa kowane bututu da aka shimfiɗa, da kowace matatar ruwan ƙazanta da aka gina, aikin ceton murjani ne kai tsaye. Murjani halitta ce da ta saba da ruwa garai mara taki. Bahar Maliya babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba cikinta, shi ya sa ruwanta yake da haske haka. Idan ruwan ƙazanta ya shiga, sai gansakuka ta samu abinci, ta yi girma ta rufe murjanin, ta hana shi hasken rana. Babu wanda zai ɗauki hoto a gaban matatar ƙazanta ya saka a mujallar yawon buɗe ido, amma amfanin da take yi wa tekun ya fi na gonar murjani goma.

Sai kuma ruwan da muke sha. Duk litar ruwa mai daɗi da matata ta fitar, tana barin wani ruwan mai ɗan karen gishiri, sau da yawa da ɗumi da ragowar sinadarai, wanda ake mayarwa teku. Wani nazari da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa Saudiyya kaɗai ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan ruwa a duniya. Bahar Maliya kuwa dama tana cikin tekuna mafi gishiri, kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne. Ba wanda zai ce a rufe matatun, domin babu rayuwa a Hijaz ta yau sai da su. Amma mutumin da ke barin tiyo yana zuba yana wanke mota ko tsakar gida, da wanda tankinsa ke ambaliya a kan rufi har ruwa ya gangaro titi, ya kamata ya san cewa asararsa ba ta tsaya a takardar kuɗin ruwa ba.

Yanzu mu zo ga dashe, wanda shi ne ake ta yayatawa. A ƙarƙashin shirin kore ƙasa da aka ƙaddamar a 2021, Saudiyya ta ɗauki alkawarin dasa itacen shura miliyan 100 nan da 2030. A arewa, tsakanin Umluj da Wajh, kamfanin da ke gina wuraren shaƙatawa ya ce tsibirai 22 kawai zai taɓa cikin fiye da 90, kuma ya yi alkawarin cewa nan da 2040 halittun yankin za su ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a kan yadda ya tarar da su. Duarte na cikin masanan da suka taimaka wajen tsara inda za a gina da inda za a bari. A tsibirin Shusha, KAUST na aikin farfaɗo da murjani a filin da ya kai hekta 100. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasar da Allah Ya ba dukiya, gara ta kashe ta a nan da ta kashe a wani abin da ba shi da amfani, kuma ilimin da za a samu zai amfani ƙasashen da ba su da halin gwadawa.

Damuwata ita ce ma'aunin da ake amfani da shi. Ana ƙirga abin da aka dasa, ba a cika ƙirga abin da ya rayu ba, kuma tarihin dashen shura a duniya cike yake da darasi a kan wannan. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi masu yawa a Sirilanka domin dasa waɗannan itatuwa. Da masu bincike suka koma suka duba wurare 23, sai suka tarar tara daga ciki babu ko tsiro ɗaya da ya rage, kuma uku ne kacal fiye da rabin abin da aka dasa ya rayu. Dalilan sanannu ne: an dasa a inda ruwa ya yi zurfi ko ya yi ƙaranci, an zaɓi irin da ya fi sauƙin raino maimakon wanda ya dace da wurin, ba a kuma sake komawa ba bayan an gama biki. Kowane manomi ya san cewa wanda ya shuka rogo a bakin burtali bai yi shinge ba, awaki ya shuka wa.

A gaɓarmu awakin suna da yawa. Akwai raƙuma da ke cin ganyen shura har su bar shi tsumagiya. Akwai cike gaɓa da ƙasa domin gina hanya ko masauki, wanda ke toshe kai-komon ruwa, kuma itacen ba ya rayuwa idan ruwa bai shigo ya fita ba. Akwai kuma roba. Wanda ya taɓa shiga dajin shura lokacin da ruwa ya janye zai ga ƙasa cike da 'yan saiwoyi a tsaye kamar fensir, dubbai, suna leƙowa daga cikin taɓo. Da su itacen yake shaƙar iska. A jikinsu ne ledoji ke maƙalewa, da robobin ruwa, da guntayen igiya da koma, har ka ga leda ta naɗe saiwa ta shaƙe ta ruf. Ɗaliban Duarte sun nuna cewa waɗannan dazuzzuka tarko ne na shara, kuma robar da ke binnuwa a taɓonsu sai ƙaruwa take yi tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wani binciken nasu na 2016, wanda ya kwatanta hotunan tauraron ɗan Adam, ya gano cewa dajin shura na Bahar Maliya ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari tsakanin 1972 da 2013, a lokacin da yake raguwa a yawancin sassan duniya. Dashe ya taimaka a wasu wurare, amma wannan ya nuna cewa itacen yana da ƙarfin riƙe kansa a nan idan ba a tsaya masa a wuya ba.

Murjani kuwa lamarinsa ya fi tsanani, kuma shi kansa Duarte ya amince da haka, domin a maƙalar 2020 an ware shi a matsayin wanda farfaɗowarsa ta fi kowanne wuya. Murjani dabba ce ƙarama da ke gina wa kanta gida na dutse, tana zaune da wata 'yar gansakuka a cikin jikinta wadda ke ciyar da ita ta kuma ba ta launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda ta saba na wasu makonni, sai ta fitar da gansakukar, ta koma fara fat, in zafin ya daɗe kuma ta mutu da yunwa. An ga haka a tsakiyar Bahar Maliya a 2010 da 2015, kuma a Afrilun 2024 aka tabbatar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu da murjani ke komawa fari haka a tekuna gaba ɗaya. Wani nazari da Duarte ya sa hannu a cikinsa ya nuna cewa tsakanin 1982 da 2015 zafin bazara na Bahar Maliya ya riƙa hawa fiye da matsakaicin tekunan duniya. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2018 idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjani zai tafi, idan ta kai digiri 2 kuwa kusan babu abin da zai rage.

Gaskiya ne cewa murjanin arewacin tekun, wajen mashigin Aƙaba, yana da juriyar zafi fiye da na sauran wurare, kuma wannan ne ya sa masana ke sa rai da shi. Gaskiya ne kuma cewa a 2020, lokacin da Saudiyya ke shugabantar ƙungiyar G20, aka kafa wani dandalin binciken ceton murjani na duniya mai mazauni a KAUST, wanda Duarte ya jagoranta. Amma hekta 100 ɗigo ne a teku mai tsawon fiye da kilomita 2,000, kuma murjanin da aka raina a tanki, cikin ruwan nan mai ɗumama za a mayar da shi. A nan ne ake zargin masu magana irin ta Duarte da cewa kyakkyawan fatansu na iya zama mayafi ga ƙasashe da kamfanonin da ke son a ga suna dasa itace alhali hayaƙi bai ragu ba. Zargin bai yi masa adalci gaba ɗaya ba, domin ya rubuta sharaɗin rage hayaƙi ƙarara, kuma yana da gaskiya da yake cewa yawan labarin halaka na sa mutane su naɗe hannu su ce ai an riga an makara. Sai dai haɗarin na nan, kuma ya fi girma a ƙasar da arzikinta ya dogara da man fetur. Saudiyya ta yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa daga iska ba. Makomar murjanin Bahar Maliya ta fi rataya a kan cika irin wannan alkawari, nata da na Amurka da Sin da Turai, fiye da kan kowace gonar murjani.

Akwai kuma abin da ba a iya yi daga gaɓa ɗaya. Wuraren murjani na Sanganeb da Dunganab a Sudan sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2016, kuma a can ne ake samun ɗan'uwan ayu na ruwan gishiri, wanda ke kiwo a kan ciyawar teku. Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, jama'a sun yi ta kwarara zuwa Bur Sudan, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, kuma ba a tambayar mai neman abin kai wa baka ko kifin da ya kama ya isa kamu. A kudu, sai a Agustan 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu ta kwashe ganga fiye da miliyan ɗaya ta ɗanyen mai daga tsohon jirgin Safer da ya yi shekaru yana ruɓewa a gaɓar Yaman. Watanni kaɗan bayan haka, a Maris 2024, jirgin Rubymar ya nutse da dubban tan na takin zamani bayan an harbe shi. Ƙasashen yankin suna da yarjejeniyar kare tekun da suka sanya wa hannu a Jidda tun 1982, da hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a wannan birni. A ra'ayina, wani ɗan kaso na kuɗin da ake kashewa a manyan ayyukan arewa, da za a ba wa masu gadin Sanganeb da masu binciken jami'ar da ke Bur Sudan jiragen sintiri da albashi da kayan aiki, da ya kare murjani mai rai fiye da wanda za a iya rainowa cikin shekaru masu yawa.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne wa ake gyara wa tekun. Idan aka keɓe wuri aka hana masunta shiga, sannan aka buɗe shi ga baƙin da ke biyan dubban riyal a kwana guda, kifi zai iya ƙaruwa, amma mutanen gaɓa za su ɗauki kare muhalli a matsayin wata hanyar ƙwace musu abin da suka gada. Da yawa daga cikin masu fita kamun kifi a jiragen gaɓar nan ma'aikata ne 'yan ƙasashen waje, waɗanda abin da za su samu ya dogara da yawan abin da suka kamo. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai mayar da ƙaramin najil cikin ruwa don an rubuta doka da harshen da ba ya karantawa ba. Ana bukatar a yi musu bayani da harsunansu, a sama musu abin yi a watannin da aka rufe kamu, a kuma ɗauke su aikin gadi da ƙirgar kifi, tunda sun fi kowa sanin inda kowane kifi yake taruwa.

Mu kuma namu rabon ba shi da girma, amma a bayyane yake. Iyalan da ke fita Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, daren Alhamis da tabarma da fulas ɗin shayi su kwashe ledarsu su koma da ita. Mai sayen kifi ya ƙi karɓar najil a lokacin da aka hana kama shi, ko da an sakar masa farashi. Limaman da ke wa'azi da Hausa a zaurukan karatu su sanya almubazzaranci da ruwa cikin abin da suke jan kunne a kai. Ga hukumomi da kamfanoni kuwa, buƙatata guda ce: duk shekara, tare da adadin shura da murjanin da aka dasa, a fitar da adadin waɗanda suka rayu bayan shekara uku da bayan shekara biyar, wuri-wuri, a kuma bar masu bincike da ba sa karɓar albashi daga aikin su je su ƙirga da kansu.